Rasit ɗin tasi ya fisshe ni a Guangzhou, manhajar masu tsaron matafiya kuwa ta ba ni kunya

Kamfaninmu ne ya saya mana wannan tsarin tsaron matafiya, wanda ake yi wa mutum bitar awa biyu kafin tafiya, a sa masa manhaja a waya, a ba shi lambar kira dare da rana. Ni dai da farko na ɗauke shi asarar kuɗi. Shekara nawa 'yan Kwari suna zuwa Chaina ba wanda ya yi musu lacca?

An tura ni baje kolin Canton na watan Oktoba, wanda ake yi a birnin Guangzhou. Rana ta uku na taso daga Pazhou, inda ake baje kolin, a gajiye, na tari tasi zuwa Xiaobei inda ake samun abincin halal. Sai da na zauna na laluba, babu ƙaramar jakata. Fasfo, katin shiga baje koli, da 'yan dalolin guzuri, duk suna kujerar baya ta motar da ta riga ta ɓace. Inna lillahi. Nan take gumi ya karyo mini.

Na danna jan maɓallin gaggawa na manhajar, abu sai juyi yake yi. Ashe taswirar Google suka ɗora manhajar a kai, ni kuma layin can na saka, ga shi Google da WhatsApp ba sa aiki a Chaina. Kamfanin da aikinsa ke nan a ce bai san wannan ba?

Dole na kira lambar. Matar da ta ɗauka ba ta tsaya dogon jaje ba, tambaya ɗaya ta yi: na karɓi rasit? Wallahi na karɓa, don a wajen bita sun nanata shi har muna dariya. Rasit ɗin tasin can yana ɗauke da lambar mota da lokacin da ka sauka. Ta haɗa ni da wani mai jin Sinanci, ya kira kamfanin tasin. Ta kuma zayyana mini abin da ke gabana idan ba a dace ba: rahoto wajen 'yan sanda, takardar ɓatan fasfo daga ofishin shige da fice, ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Guangzhou, sannan neman bizar fita. Ta ce in ajiye kwafin fasfona a kusa, in kira 110, lambar 'yan sandan can, idan wani abu ya taso. Kafin ƙarfe goma direban ya kawo jakar otal, ko sisi bai taɓa ba. A daren nan da an ce in ba su tauraro goma, zan bayar.

Amma da na dawo raina ya sake ɓaci. Lambar tasu ta ƙasar waje ce, kiran ya cinye mini kati kaf, har yau ba wanda ya biya ni. Sun ce za su kira da safe su ji lafiyata, shiru. Abin da ya fi ƙona mini rai, tun ban buɗe baki ba suka aika wa oga rahoto. Chaina na gaban Najeriya da awa bakwai, don haka yana ofis saƙon ya same shi, kafin in yi sallar isha'i labari ya gama ma'aikata.

Tauraro uku na ba su, biyu ma na matar nan ne.