Gani bibbiyu da gilashi: daga ido ɗaya ne ko daga haɗuwar biyun?

Salam 'yan uwa. Hajiya na ga tambayarki, kin ce kina sa gilashi amma wani lokacin, musamman da yamma, sai rubutun waya ya zama biyu ko fitilar mota ta rabu, can kuma ya wuce. Abin iri biyu ne, kuma ke da kanki za ki iya bambancewa: duk sanda ya zo ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ki sauya ki rufe ɗayan.

In kin rufe ɗaya amma na buɗen bai daina ganin biyu ba, to matsalar tana wannan idon ne ko gilashinsa. Galibi ma ba biyu ba ne sosai, kamar inuwa ce a gefen harafi. Bushewar ido na yawan jawo shi, balle mu nan Jos in hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ga iska ga ƙura ga mutum ya zuba wa waya ido ya manta da ƙiftawa. In kin ƙifta sau biyu uku sai ya washe, wataƙila ita ce. Sai gilashin da ya kwana biyu lambarsa ta daina yi miki, ko ya sha karcewa, sai kuma yanar ido ga wanda shekaru suka fara ja. Wannan ɓangaren da sauƙi yawanci, amma dai a auna.

In kuwa da kin rufe ko wanne sai abu ya koma ɗaya, to idanun ne ba sa kallon wuri guda. Kowane ido tsoka 6 ke juya shi, jijiyoyi 3 daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni, ɗan saɓani kaɗan ya isa. Nan ma gilashi na iya zama sanadi, don tsakiyarsa dole ta zauna daidai ƙwayar ido, shi ya sa ake auna tazarar idanu, a manya yawanci wajen milimita 60 zuwa 65 ce, to na tebur da ake gwadawa a kasuwa a saya waye ya auna miki? Haka firem ɗin da aka yi barci a kansa ko yaro ya ja ya karkace, ki ɗora shi kan tebur ki ga ko hannu ɗaya ya ɗage. Wasu kuma dama suna da ɗan harara-garke a ɓoye wanda idon ke riƙewa duk wuni, in an gaji sai ya saki.

Amma wallahi wannan na biyun ne ba na so a yi wasa da shi. Ciwon suga da hawan jini suna taɓa waɗannan jijiyoyin, matsalar maƙoƙo ma tana kumbura tsokar ido. In ya zo farat ɗaya tare da ciwon kai mai tsanani, ko fatar ido ta sauko, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya yi nauyi, asibiti a take, ko da ya wuce bayan minti biyar, don shanyewar ɓarin jiki kan fara da haka.

Ki je sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko wani asibitin ido na kusa, ki riƙe gilashin har da tsohon in yana nan, a duba miki suga da hawan jini. Ki lura kuma hotunan gefe da gefe suke ko ɗaya saman ɗaya, likita zai tambaya. Kafin nan don Allah ki bar tuƙi tukuna. Allah Ya ƙara lafiya Hajiya.