Na mai walda ko na roba: amsar tambayar Hajiya kan kayan filin wasan yara

Hajiya, kin ce kwamitin unguwarku a Mabera ya tara kuɗi zai sauya lilo biyu da abin zamiya da suka tsufa a filin wasan yara, kina tambaya ko a ba mai walda ya ƙera na ƙarfe ne, ko a yi odar na roba daga Kano ko Legas. Ni a ganina ba lallai ne ku ɗauki ɗaya ku bar ɗaya ba, domin kowanne akwai inda ranar Sakkwato take kayar da shi.

Wajen ƙarko, ƙarfe ne a gaba, kuma garinmu ya yi masa gata. Tsatsar da ke cinye ƙarfe a bakin teku ba ta da ƙarfi a nan, tunda daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran shekara iska a bushe take. Bututu mai kauri, in aka shafa masa jan fenti na hana tsatsa kafin fentin ado, yaron da ya hau shi yau zai iya kawo nasa ɗan ya hau. Roba kuwa rana ce ajalinta. Takan fara koɗewa, ta bushe, sai wata rana ta tsage ta bar baki mai kaifi. Akwai roba mai kauri da ake haɗawa da sinadarin jure rana don filayen jama'a, tana kai shekaru, amma tana da tsada, kuma kuɗinta yana bin dala. Yawancin masu sauƙin kuɗi da ake gani a shaguna an yi su ne don tsakar gida, yara biyu ko uku, ba don yaran unguwa guda da za su taso daga Islamiyya gaba ɗaya ba.

Gyara ma haka. Sarƙa ta tsinke ko walda ta saki, mai walda na bakin titi zai gyara kafin azahar. Na roba in wani sashe ya karye, sai an nemo irinsa daga inda aka sayo, sau da yawa kuma ba a samu.

Amma fa a kan zafi, wanda shi ne ya fi damuna, ƙarfe ya faɗi warwas. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40 a inuwa, ƙarfen da ya wuni a rana kuwa ya zarce haka nesa. Falefalen abin zamiya da ƙarfe biyu na rana kamar tandar waina yake, kuma fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba saurin ƙonewa. Ɗan shekara biyu ba ya ma sanin ya tashi da sauri, sai dai ya zauna yana ihu. Roba ita ma tana ɗaukar zafi, musamman mai duhun launi, sai dai ba ta zuba shi a fata da sauri irin na ƙarfe.

Shi ya sa shawarata ita ce a raba aikin. Ginshiƙai, tsani da sandar da ke riƙe lilo, a ba mai walda. Duk inda jikin yaro zai zauna ko ya goga, wato mazaunin lilo da kwarin zamiya, a sa roba mai kyau, mai hasken launi. Mazaunin lilo ko daga tsohuwar taya ana yankawa, muddin wayar cikinta ba ta fito ba, kuma a huda ta kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Katako ban sa shi a lissafi ba, gara ba za ta bar shi ba.

In za ku ba mai walda, kada ku bar masa awo, don kamfani da ma'auni yake aiki, shi kuwa da ido. Kada a bar tazara tsakanin santimita 9 da 23 a tsani ko shinge, nan ne jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale. A goge duk bakin walda, a toshe bakin bututu, a matse ƙugiyar sarƙa har ta rufe. A sa boris a saman lilo, in ba haka ba ƙurar hunturu da guga za su cinye ƙarfen a ɓoye. Fenti kuma a nemi wanda ba dalma a ciki. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake ta can daga dutsen zinariya ta fito.

Don Allah, Hajiya, ki tsaya kai da fata a ware kuɗin yashi da inuwa tun kafin a je kasuwa. Mafi yawan raunin filin wasa daga faɗuwa ne, kuma ƙasarmu da rani tauri gare ta. A zuba yashi mai laushi, zurfin santimita 30, a binne kankaren gindin ginshiƙai a ƙarƙashinsa, a bar fili gaba da bayan lilo ninki biyu na tsayinsa. Abin zamiya ya fuskanci gabas, tunda bayan la'asar yara suka fi zuwa, a dasa dogon yaro ta yamma, a kafa rumfa kafin ya girma.

Kafin ku tumɓuke tsofaffin ma, ku sa a tona gindin kowane ginshiƙi a ƙwanƙwasa da guduma, don daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa yake fara ruɓewa. In ya yi ƙara garau bai lotsa ba, a kankare tsohon fentin lokacin da yara ba sa wurin, a kwashe ɓarɓashin, a sauya sarƙa da mazauni kawai. Kuɗin da ya ragu sai a ƙara a kan na abin zamiya, a sayi robar kirki.