Gargaɗi ga masu a-kori-kura: naira 97,000 na biya, aka mayar mini da tsohon hinjina da sabon fenti

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato, musamman masu motocin a-kori-kura da direbobin da ke jigilar kaya tsakanin gari da ƙauyuka. Yau kwana tara ke nan ina fara wannan rubutu ina gogewa, domin duk lokacin da na zo wurin ambaton kuɗin sai kunya ta rufe ni, amma na lura cewa shirun nan nawa shi ne abin da mutumin yake so, kuma muddin na ci gaba da yin sa, gobe wani bawan Allah zai faɗa ramin da na faɗa. Naira 97,000 wani mai walda ya karɓa daga hannuna a kan gyaran hinjin ƙofar bayan motata. Naira 97,000, a kan aikin da daga baya aka yi mini shi da kyau a kan naira 31,000, har da kuɗin kayan.

Motata Hilux ce tsohuwar ƙira, da ita nake ɗauko albasa daga Wurno da Goronyo zuwa kasuwar Ramin Kura da ke cikin Sakkwato, da damina kuma in kai wa manoma taki. Wanda ya san irin wannan mota ya san cewa ƙofar baya a kan abu huɗu take rayuwa: hinji biyu a ƙasa, kowanne da sandar ƙarfe da ta ratsa tsakiyarsa wadda ƙofar ke juyawa a kanta, sai ƙarafa biyu na gefe waɗanda ke riƙe ta a miƙe idan an buɗe. Ƙarfen gefen hagu ya karye tun daminar bara, na ɗaure wurin da igiya na ci gaba da aiki, 'yan dako kuwa ba su fasa hawa kan ƙofar da buhu a ka ba. Nauyin da ya kamata ƙarfen nan ya ɗauka sai ya koma kan hinjin hagu, ga kuma tsatsa, domin taki idan ya zube ya haɗu da ruwa cin ƙarfe yake yi kamar gara. A ƙarshe hinjin ya tsage daga gindinsa, ƙofar ta karkace, makullin gefe ya daina shiga. Sakacin igiyar nan nawa ne, na amsa shi, amma iyakar laifina ke nan a cikin wannan magana.

Ba ni na je neman mutumin ba, wannan ina so a riƙe shi. Na tsaya ne a bakin wani gareji domin a duba mini iskar taya, ina fama da ƙofar ina ɗaga ta da gwiwa don makullin ya shiga, sai ya taso daga ƙarƙashin wata rumfar kwano da sifana a hannu. Bai tambaye ni komai ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙofar, ya ɗaure wani noti da ya saki, ya ɗiga baƙin mai a kan sandar, ƙofar ta rufu a karo na farko cikin mako uku. Na zaro naira 1,000 na miƙa masa. Ya ɗaga hannu biyu ya ja da baya, ya ce: "Haba Alhaji, wanga ba aiki ba ne. In na amshi kuɗɗinka a kan noti guda, mi zan ce ma Allah?"

Wannan maganar ce ta ci ni. Na maimaita ta a raina ya fi sau ɗari, da dare, a kan hanya, har a kan sallaya. Naira 1,000 ya ƙi karɓa, ni kuma a take na yanke hukunci cewa mutumin da ya mayar da dubu ɗaya ba zai ci amanar dubu sittin ba. Har yanzu ina ganin yadda ya goge hannunsa a jikin rigar aikinsa, yadda ya sunkuyar da kai, da yadda ya ƙi kallon kuɗin ma balle ya taɓa. Daidai lokacin aka kira sallar La'asar, muka yi alwala da buta ɗaya, muka tsaya a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Ku faɗa mini, wane ne a cikinmu zai fito daga sahu ya fara zargin wanda ya yi sallama a gefensa?

Ni ba yaro ba ne, kuma ba jiya na fara riƙe sitiyari ba. Shekara 19 ina wannan sana'a, na sayi mota na sayar, na san ƙarar injin da ke shan mai, na san tayar da aka sake wa zane, kuma ba a taɓa sayar mini da batirin da aka wanke aka ce sabo ne ba. Tambayoyin da ya kamata mai hankali ya yi duk na yi su. Na ce me zai hana a yi wa tsohon walda kawai? Shi da bakinsa ya ce walda a kan tsatsa ba ta kamawa, ƙarfen jikin ƙofar kuma siriri ne, wuta tana yi masa yawa sai ya ɓule, saboda haka gara a sa hinji biyu na Beljiyam, waɗanda aka ciro daga jikin mota irin tawa, a ɗaure su da noti yadda kamfani ya yi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ya san aikin sarai, ya san daidai, da saninsa ya yi mini akasin abin da ya faɗa.

Ya ce kayan babu su a Sakkwato sai an aiko daga Kano, hinji biyu naira 65,000. Ya nuna mini hotonsu a waya, a kan wani buhu, da ɗan fenti fari a jikinsu. Na tura masa naira 65,000 ta banki a ranar Litinin. A'a, Litinin ce ranar da na kai motar. Kuɗin tun ranar Asabar na tura, domin na tuna ina tsaye wurin mai POS ne ya kira ni ya ce mai kayan zai rufe shago, in ban tura ba wani zai ɗauka. Asusun ma ba sunansa ne a kai ba, ya ce na ƙanensa ne, nasa yana da matsala, kuma na ga sunan ya bambanta da idona, na tsaya na ɗan yi jim, sai maganar naira 1,000 ta dawo mini, na danna. Bayan haka naira 20,000 kuɗin aiki, a hannu, babu rasit. Sai naira 12,000, wadda ya ce ta kuɗin motar da ta kawo kayan ce da sabon ƙarfen gefe. Ita wannan ta ukun na manta ko kafin kuɗin aikin ne ko bayansa, amma saƙon yana nan a wayata da kwanan wata. 65,000 da 20,000 da 12,000, naira 97,000 ke nan, kuma a cikin kuɗin albasar mutane na ciro su da niyyar in mayar idan na yi lodi biyu.

Kwana biyu motar ta yi a wurinsa, kwana biyu ban yi lodi ba. Na ce zan zauna in ga aikin, ya ce babu wuta sai dare za su tayar da janareto, kada in wahalar da kaina. Na ce to a ajiye mini tsofaffin hinjin, ya ce yaro ya haɗa su da tarkacen da 'yan gwangwan suka saya. A nan ne ya kamata in farka, na sani, amma da na zo ɗauka na tarar da wurin yana ƙyalli, an shafe shi da baƙin fenti mai kauri, ƙofar tana rufuwa da yatsa ɗaya. Ya ce kada a ɗora mata nauyi sai fentin ya kwana biyu ya bushe. Na yi masa godiya, har na ce zan turo masa abokan sana'ata, kuma na turo mutum ɗaya, wanda yanzu nake jin nauyin haɗa ido da shi.

A lodi na uku abin ya faru. Na taso daga Wurno da buhunan albasa, na wuce Achida kaɗan, na shiga wani rami da ban isa in kauce masa ba, sai na ji ƙara a baya kamar an harba bindiga. Hinjin hagu ya rabu gida biyu, ƙofar ta faɗo ta rataya a kan na dama, buhu huɗu suka zubo kan kwalta. Akwai mai babur a bayana ɗauke da mace da goyo, Allah ne kaɗai ya sa ya ba da tazara ya samu ya kauce ya gangara gefen hanya. Da buhun nan ya same su, yau ba maganar naira 97,000 nake yi ba, maganar rai nake yi. Buhu biyu sun fashe, motoci suka bi ta kan albasar, mai kayan kuma bai yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na tsaya cikin rana ina tsintar albasa ɗaya ɗaya a gefen titi, mutanen gari suna taya ni, ni kuwa ban iya ɗaga kai na dube su ba.

Da igiya na ɗaure ƙofar na lallaɓo gari, na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran bodi wanda wani direba ya nuna mini. Bai ce komai ba da farko. Ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya manna a gindin hinjin, ya faɗo ƙasa. Ya matsa gefe kaɗan ya manna, ya kama. Ya ce: "Ɗana, nan ba ƙarfe ba ne, fila ce." Ya sa wuƙa ya kankare, fentin ya tashi, filar, wato ƙullin da masu gyaran bodi ke cike ramin jikin mota da shi, ta ɓarɓashe kamar busasshen tuwo, sai ga tsohon hinjina. Nawa, wanda na sani, da ɗan lanƙwasar da ya yi tun ranar da na ja da baya na daki turken rumfa shekara uku da suka wuce. An ɗiga masa walda wuri uku a kan tsatsar ba tare da an goge ta da giranda ba, aka cike tsagar da fila, aka shafe da fenti. Na dama ko kwance shi ba a yi ba, fenti kawai aka yi masa don su yi kama. Ƙarfen gefen da na biya wa naira 12,000 kuwa guntun rodi ne aka lanƙwasa.

Dattijon nan a gabana ya yi nasa aikin. Ya aiki yaronsa kasuwar kayan gyara a nan cikin Sakkwato, ba Kano ba, aka kawo hinjin gwanjo ya sa mini a tafin hannu na juya shi na duba sandar. Ya cire kan batir kafin ya kunna injin walda, ya ce wutar walda tana iya ƙona kayan lantarkin mota. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya goge har ƙarfe ya yi fari, ya ƙara faranti mai kauri ta ciki, ya huda, ya ɗaure da noti da washa, ya sa giris. Naira 31,000 duka. Ni kuma na riga na ba wancan naira 97,000.

Na koma rumfar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kafin nan ma na kira shi tun ina bakin hanyar Achida, ya ɗauka, ya ce in yi haƙuri yana wurin jana'iza zai kira ni, kuma daga wannan kiran lambar ba ta sake shiga ba. Masu garejin suka ce ba ɗan wurin ba ne, yakan zo ne ya ari inji ya biya kuɗin yini, yaron da na ɗauka nasa ne ma ba nasa ba ne. Wani mai faci ya ce ni ne na uku da ya zo nemansa a wannan wata. Na tambaye su don me ba wanda ya ja ni gefe ya faɗa mini, alhali suna kallo muka yi ciniki, suna kallo na ƙirga masa naira 20,000 a hannu. Aka rasa mai ba ni amsa, sai wani ya ce su ma ya ƙi karɓar kuɗinsu a ranar da ya fara zuwa.

Ashe ƙin karɓar naira 1,000 ɗin ma sana'a ce. Ashe jarinsa ke nan. Ni kuwa na ɗauke shi tsoron Allah, na tsaya kusa da shi a sahu, na tura kuɗi asusun da ba sunansa.

Ban ambaci sunansa ko wurin ba saboda maganar tana hannun shugaban masu gyara na yankin, kuma an shawarce ni in bari a bi ta hanyar hukuma, amma hujjojina suna nan cif. Zan sa hoton shaidar tura naira 65,000, da saƙon da ya nemi naira 12,000, da hoton hinjin da ya nuna mini a waya, da hoton nawa bayan an kankare fentin, da zarar an ba ni izini, bayan na rufe sunan mai asusun.

Kada ku biya kuɗin kayan da ba ku riƙe a hannunku ba. Ku karɓi tsohon da aka cire, ku tsaya a kan aikin, kuma kada ku tura kuɗi asusun wani. Idan kun ga sabon fenti a kan gyaran ƙarfe, ku manna maganaɗisu.

Karyayyen hinjin yana nan cikin leda a ƙarƙashin kujerar motata, da filar a jikinsa, kuma ranar Alhamis da safe zan kai shi wurin zaman da aka kira, tare da mutum biyun da suka riga ni zuwa neman sa.