Taransifoma ta kanka ko sola? Ga abin da na gani a wajen aikina

Salamu alaikum jama'ar guruf. Alhaji na ga tambayarka tun bayan la'asar, cewa kuɗin wuta na kolsto ɗinka, wato ɗakin sanyi na ajiye kifi da kaza, da ke unguwar Asafo a Kumasi ya fi ƙarfinka, ko ka sayi taransifoma ka koma tsarin manyan masana'antu da ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ke kira SLT, ko ka zauna a mitar 'yan kasuwa ka sa sola. Ka zauna inda kake Alhaji, ka sa sola. Amma kafin ka ɗora farantin sola ko ɗaya a saman rufi ka fara rage abin da wurin ke sha, don nan ne na ga kuɗi sun dawo aljihuna da gaske.

Ni piya wata, wato ruwan leda, nake yi a wajen Asokore Mampong, ga kuma nikanika guda biyu a gefe, to ka ga duk aikina mota-motan inji ne, famfon bohol, injin yanka leda, kwamfuresa, firiza. Akwai lokacin da kiredit ɗin da muke lodawa a mita ko sati ba ya kaiwa, har na fara zargin yaran aiki ko suna jona wa maƙwabta da dare, Allah ya yafe min don ba su da laifin komai. Wani ƙanin matata da ya karanci aikin wuta shi ya zo da 'yar na'urar nan mai baki kamar filaya da ake maƙala wa waya, ya kwana biyu yana bin injina ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a littafi. Wallahi abin da ya fito ya ba ni mamaki. Motar famfon bohol ta yi wa aikin girma, kuma sau uku ana sake mata kwail, duk sakewa kuma ƙarfinta na raguwa shan wutarta na ƙaruwa, in ka taɓa jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Bututun iska na kwamfuresa yana yoyo a wuri huɗu, mu mun saba da wannan tsss ɗin har kunnenmu ya daina ji, ashe shi ke sa injin tashi kowane minti kaɗan. Sai tsofaffin firiza biyu na hannu da na saya da araha, robar bakin ƙofarsu ta mutu, suna aiki dare da rana ba hutu.

Muka canza motar da ƙarama sabuwa daidai aikin, muka toshe yoyo, firizan nan na sayar wa masu gwangwan na sayi guda ɗaya mai takardar taurari, wannan ruwan ɗorawar da hukumar makamashi, Energy Commission, ta wajabta a manna a jikin firij da eyakondishan, yawan taurari ƙarancin shan wuta. Sannan ya hana mu tada injina gaba ɗaya da safe. Ya ce mota in za ta tashi kai tsaye tana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da take ja in ta kama gudu, shi ya sa fitilu ke lumshewa fiyus na ƙonewa, ya sa wa manyan abin tashi a hankali, muka riƙa ba da tazara tsakaninsu. Wannan ba ya rage yunit sosai, gaskiya ɗaya ce, amma tun daga nan ban sake ƙona kwail ba. Watan farko kafin ma a yi zancen sola kiredit ya fara kai mu inda da ba ya kaiwa.

Sai sola. Kilowat 20 na sa, batir kaɗan, na ofis da fitilu da kyamara kawai, don aikinmu na rana ne. Ba zan manta ranar da aka kunna ba, wajen azahar yaron da ke kan injin leda ya rugo yana cewa masta zo ka ga mita, na je na tsaya, duk injina suna gudu amma jar fitilar mita da da take ƙiftawa kamar ana korarta ta koma sai ta jima kafin ta ƙifta sau ɗaya. Mahaifina Allah ya ƙara masa lafiya, shi da ya ce na zuba kuɗi a kan kwano, da kansa ya ɗauko kujera ya zauna yana kallo, a wajen ya yi min addu'a. A nan Kumasi kilowat ɗaya na faranti yana ba da yunit 3 da rabi zuwa 4 a rana in ka haɗa shekara, watan Yuli da Agusta hadari yana rage shi, lokacin hunturu kuma ƙura ke kwanciya a kai, sai ka sa yaro ya riƙa wankewa da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Kai naka ma ya fi nawa daɗi ta wani ɓangaren, don ɗakin sanyi shi kansa ma'ajiya ne. In rana ta take sai a bar kwamfuresa ya yi aiki sosai sanyin ya sauka ƙasa da yadda ka saba, kifi da kaza su daskare tauri, da yamma lokacin da rana ta faɗi kowa a gari ya kunna kayansa injinka yana ɗan hutawa. Kar dai ka bari kaya su yi ɗumi fiye da digiri 18 ƙasa da sifili. Ka duba robar ƙofa, ka rataya labulen roba mai kauri a bakin ɗakin don masu dako suna shiga suna fita ƙofa a buɗe, ka wanke ragar kwandensa da ke waje, ka cire ƙanƙarar da ke taruwa a kan fankokin ciki. Waɗannan ba su kai kuɗin katan goma na kifi ba.

Shi SLT to, ba haramun ba ne. An yi shi don wanda buƙatarsa ta kai kVA 100 zuwa sama (kVA ma'aunin nauyin wutar da wuri ke ja ne), kuma in a babban layi aka haɗa ka kuɗin yunit yakan fi sauƙi, ƙarfin wuta ma ya fi tsayawa tunda ba kwa rabawa da unguwa. Sai dai taransifoma da fol da waya duk daga aljihunka, bil a ƙarshen wata, kuɗin hidima na wata-wata ya fi na ƙaramar mita ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, in injinanka suna ɓata abin da suke kira fawa fakta, wato suna jan wuta a layi fiye da wadda suke aiki da ita, kuma a ƙara maka tara sai ka sa na'urar gyara shi da ake kira kafasito. Mai ɗakunan sanyi shida bakwai da ke sauke kwantena daga tashar jirgin ruwa ta Tema zai ci riba. Ɗaki biyu irin naka ba su kai ba. Kuma kar wani ya yi maka lissafi da farashin bara, hukumar PURC ce ke yanka farashin wuta kuma duk wata uku tana dubawa, tana kallon sidi da dala, tsadar kaya, kuɗin gas da mai, da kuma nawa ne ya fito daga madatsun ruwa irin Akosombo da Bui nawa daga injinan mai. Ka nemi jadawalin da ake kai yanzu.

In wani ya ce maka ka sayi ƙaton janareta ka huta, ni na yi a 2015 lokacin da dumsor, wato matsalar ɗauke wuta, ta kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo awa 12, na sayi wanda ya ninka buƙatata, har yau ina jin zafin kuɗin. Litar dizal ɗaya yunit 3 take bayarwa ko sama da haka kaɗan, in kuma lodi ya yi masa kaɗan sai ya riƙa zubar da baƙin mai ta salansa. Ka riƙe wanda kake da shi don daren da aka ɗauke wuta, saboda kifi ba ya jira, shikenan amfaninsa.

Ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Da zarar an ji kana kukan bil za su zo. Akwai masu yawo da ɗan akwati wai ka soka a soket ya rage maka rabin wuta, na saya guda uku, da muka fasa ɗaya ƙaramin kafasito ne da 'yar fitila koriya. Mitar da ke ƙirga yunit ba ruwanta da wannan, ko sisi ba zai rage ba. Akwai goro boyis, wato 'yan tsakani, masu cewa za su gyara maka mita ta riƙa tafiya a hankali ko su samo maka wata ta bayan gida, wannan sata ce, ranar da aka kama kai za a ci tara a kai kotu, shi ya kashe waya, ga mutuncinka a zango. A sola ma akwai masu canza takardar bayan faranti su rubuta wat ɗin da bai kai ba, da masu sayar da tsohon batir a sabon kwali. Ka ce a auna faranti a gabanka cikin rana, ka nemi ganin lasisin mai haɗawa daga Energy Commission, garanti kuma a rubuce da hatimi, kar ka biya duka sai aiki ya tashi. Sannan ka gaya masa ya saita inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta layi, kar ta tura rarar wuta cikin layi, don wasu mitocin ƙirga ta suke kamar kai ka sha. In kana son a riƙa lissafa maka rarar akwai tsarinsa a ƙarƙashin dokar makamashi mai sabuntuwa ta 2011, amma sai ka nema a ECG an sa maka mitar da aka yi don haka.

Ka turo min hoton rasit ɗin kiredit na wata uku da hoton ƙarfen da ke jikin kowane kwamfuresa ta firaibet, zan ba ƙanin matata ya duba. In kana da sarari ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo mu hau rufin ka gani da idonka, ka taho da yaronka mai kula da injin.