Yankan sitika: wace hanya ta dace da ƙaramin shago a Damagaram?

Mai shagon buga takardu a Damagaram, ko a Zango yake ko a bakin Kasuwar Dole, ya san cewa buga sitika ba shi ne wahala ba. Wahalar tana wajen yanka. Mai kilishi yana son tambari zagayayye a kan ledarsa, mai yogot tana son doguwar takarda da za ta kewaye gora, dangin amarya kuma suna son guda ɗari biyar da za a manna a bokitai da kofuna kafin ranar ɗaurin aure. Firinta ɗaya za ta buga su duka, amma kowanne da yankan da ya dace da shi, kuma a nan ne ribar take tsayawa ko ta zube.

Sitika, wadda wasu ke kira otokolan, hawa biyu ce: fuska mai gam da takardar baya mai santsi. Saboda haka yanka ma iri biyu ne. Akwai yankan sama, inda wuƙa take ratsa fuskar kaɗai ta bar bayan lafiya, sai sitiku su zauna a shafi ɗaya ana ɓambara ɗaya bayan ɗaya. Akwai yankan ratsawa, inda ake yanke fuska da baya tare, kowace ta fita ita kaɗai. Mai manna tambari a gora ɗari biyu kowace safiya yankan sama yake bukata, don ba shi da lokacin neman bakin takarda da farce. Wanda zai raba wa mutane hannu da hannu, kamar masu kabu-kabu ko ɗalibai, shi ke son na ratsawa. Ka tambayi wanda ya kawo aikin wannan tun kafin ka faɗi kuɗi.

Hannu da masiko

Idan mafi yawan aikinka mai kusurwa huɗu ne, kada ka yi gaggawar sayen inji. Rula ta ƙarfe, reza mai karyewa, faifan yanka da masiko mai kyau, wato babbar wuƙar yankan takarda ta tebur, sun ishe ka. Masiko yana ratsawa ne gaba ɗaya, kuma matsalarsa biyu ce: gam yana taruwa a bakin wuƙar, takardar baya kuma tana zamewa idan an tara da yawa. Ka riƙa yanka kaɗan-kaɗan, ka danne sosai, ka goge wuƙar da alkol duk lokacin da ta fara jan takarda. Da'ira kuwa akwai ƙarfen huda na hannu mai faɗin milimita 25, 38 ko 50. Yana fitar da da'ira mai kyau a takarda, amma roba mai rufin leda tana gajiyar da shi da wuri.

Akwai wata hanya da ake rainawa alhali tana da amfani: shafin A4 da kamfani ya riga ya yanka. Ana samun mai 8, mai 21, mai 24, har mai 65 a shafi. Mai 24 girmansa milimita 70 a 37, ya dace da kwalbar yaji ko ta zuma. Ba ka yanka komai, aikinka shi ne daidaita zane da layin yankan. Sai dai kada ka mayar da shafin da aka ɓambari wani ɓangarensa cikin firintar laser, domin zafi zai saki sauran su manne a cikinta.

Ƙananan injunan tebur

Su ne Silhouette, Cricut da Brother ScanNCut. Ana buga zane a firintar shago tare da alamomin daidaito a kusurwoyi, a ɗora takardar a faifai mai danƙo, injin ya karanta alamomin da idonsa ya bi gefen zanen. Silhouette Cameo tana ɗaukar faɗin santimita 30, manhajarta kuma tana aiki ko babu intanet. Manhajar Cricut tana son rajista da intanet, wanda abin dubawa ne idan layin shagonka ba ya tsayawa. ScanNCut tana da sikana a jikinta, tana iya ɗaukar hoton shafi ta yanka ba tare da kwamfuta ba.

Iyakarsu tana bayyana ne idan aka yi lissafi. Alamomin suna cinye gefen shafi, saboda haka da'ira mai santimita 5, da tazarar milimita 4 a tsakani, guda 12 zuwa 15 kawai za su shiga A4. Sitika dubu kenan shafi 84 idan 12 ne. A ce kowane shafi minti uku tsakanin ɗorawa, karantawa, yankawa da cirewa, ka haura awa huɗu kana tsaye a kan inji. Aikin guda hamsin zuwa ɗari biyu daidai ne a gare su. Wanda ya wuce haka kullum yana bukatar babba. Ka kuma tuna faifan mai danƙo abin ƙarewa ne, kuma ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa da sauri. A rufe shi da ledarsa da zarar an gama.

Fulota

Ga mai son ya rayu da wannan sana'a, nan ne ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Fulota, wato babban injin yankan roba da kwamfuta ke sarrafawa, tana yanka daga naɗi, babu faifai: tayoyi suna jan robar gaba da baya, wuƙa tana tafiya dama da hagu. Mai faɗin santimita 60 ta ishi ƙaramin shago. Waccan da'irar ta santimita 5, guda 10 ke jeruwa a faɗi, layi 18 a mita, wato 180 a mita ɗaya. Dubu ba ta kai mita shida ba. Ka lura da lambar da ke jikin na ƙasar Sin: wadda aka rubuta wa 720, abin da take yankawa wajen milimita 630 ne.

Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce, tana da ido? Fulota marar ido tana yanka harufa da lambobi daga roba mai launi ɗaya, irin na allon shago da jikin adaidaita, amma ba ta san inda zanen da aka buga yake ba. Wasu suna da ɗigon jan haske da kai ne za ka kai shi kan kowace alama da hannunka. Yana aiki, sai dai a hankali, kuma kuskuren idonka shi ne kuskuren yankan. Mafi kyau ita ce mai karanta alamomi da kanta, ko da firikwensin haske ko da kyamara. Roland, Graphtec, Summa da Mimaki duk suna da irin wannan, akwai kuma na Sin masu kyamara da sauƙin kuɗi. Mutane da yawa sun sayi marar ido saboda araha, daga baya suka koma almakashi. Araha ba ta ado.

Tambaya ta biyu moton da ke cikin injin ne, kuma iri biyu ne: sitefa da sarbo. Mai sitefa ya fi araha, yana da ƙara, kuma a ƙananan harufa ko doguwar tafiya yakan kauce. Mai sarbo ya fi shiru da daidaito. Ta uku ita ce wuƙa: wace iri take ci, kuma ana samunta a kusa? Yawancin na Sin suna amfani da wuƙa samfurin Roland, Graphtec kuma tata daban ce. Kano tana da nisan wajen kilomita 240, Yamai wajen 900, don haka wuƙa ɗaya da ta karye na iya tsayar da shago kwanaki. Ka sayi wuƙaƙe da yawa, da marikin wuƙa na biyu, da zirin roban da ke ƙarƙashin hanyar wuƙa, duk a rana ɗaya da injin.

Daidaita wuƙa shi ne rabin sana'ar. Mai digiri 45 ta robar yau da kullum ce, mai 60 ta mai kauri ce ko mai rufin leda ko mai ƙyalli. Tsinin da zai leƙo daga mariki kada ya wuce rabin kaurin katin banki; fitar da shi da yawa shi ne kuskuren da ya fi yawa, yana karya tsini ya kuma sassare zirin ƙasa. A roba mai kaurin maikiron 80, wato milimita 0.08, fara da nauyin giram 80 zuwa 100, ka yi yankan gwaji, ka ƙara goma-goma har fuskar ta ɓambaru sumul, bayan kuma ya nuna ɗan sawu kawai. Akwai lambar gyaran kusurwa a manhaja, ta wuƙar digiri 45 yawanci milimita 0.25 ce. Idan kusurwoyi sun fito a dunƙule, lambar ta yi kaɗan. Idan sun fito da ƴan ƙahoni, ta yi yawa.

In yanka ya kauce daga zane, dalilan sanannu ne. Ko an buga da umarnin daidaita zane da shafi maimakon kashi 100, sai girman ya canza. Ko rufin leda mai sheƙi ya hana idon ganin alama, maganinsa a liƙa salatif marar sheƙi a kanta ko a kauce wa hasken taga. Ko aikin ya yi tsawo robar ta karkace, don haka a raba shi gida-gida, kowane bai wuce mita ɗaya ba da alamominsa. A zanen kansa, ka bar launi ya zarce layin yanka da milimita 2, rubutu kuma ya ja baya da milimita 2 zuwa 3, sai ƙaramin kauce ya ɓuya. Idan babbar firinta mai tawadar solban ce ta buga, a bar bugun ya sha iska awa 24 kafin rufi da yanka, in ba haka ba gefuna za su nannaɗe.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci. Da bazara, zafin da ya haura digiri 40 yana sa gam ya yi laushi ya liƙe wa wuƙa. A ajiye naɗi a tsaye, a inuwa, nesa da rufin kwano. Da hunturu, bushewar iska tana tara lantarki a jikin roba, har injin ya tsaya a tsakiyar aiki ko ya ja layi a banza. Waya ɗaya daga jikin injin zuwa ƙafarsa ta ƙarfe, da wata zuwa ƙasa, tana rage wannan. Ɗaukewar kuran a tsakiyar yanka kuwa asarar mita guda ce, don haka batirin riƙe wuta da sitabilaiza suna cikin kuɗin injin. Fulota ba ta cin wuta sosai, ƙaramin sola yana ɗaukarta. Ka duba jikin caja ko bayan inji cewa yana karɓar bolt 220, musamman wanda aka kawo daga Amurka.

Sauran hanyoyi

Inji mai bugawa da yankawa a jiki ɗaya, kamar Roland BN-20, yana rage kai-komo, amma kuɗinsa da na tawada da kulawar kan bugunsa sun fi ƙarfin mai farawa, kuma kan bugun yana toshewa idan ya daɗe bai yi aiki ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shirya zane da alamomin fulotarka, mai babbar firinta ya buga maka a mita, ka yanka a shagonka.

Ƙarfen bugu, wato wuƙar da aka lanƙwasa da siffar tambari aka dasa a katako, ya fi kowa sauri da daidaito, amma siffa ɗaya ce tak. Sai mai sana'ar da ke dawowa da tambari iri ɗaya dubbai a kowane wata. In ya canza girma, sai an ƙera sabo.

Injin laser kuwa, kada a kusantar da shi ga robar sitika. Yawancinta irin robar da ake kira PVC ce, idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai sinadarin kulorin da ke cutar da huhu, yana kuma cin ƙarfe da madubin injin. A takarda zalla yana yanka, amma yana barin bakin ƙuna.

Ranar saye, kada ka yarda da gwajin da mai sayarwa ya tanada. Ka tafi da zanenka a kan robar da kake amfani da ita, ɗaya mai rufi ɗaya marar rufi, da ƙananan harufa masu tsayin santimita ɗaya. A yanka a gabanka, ka ɓambara da hannunka, ka auna na farkon layi da na ƙarshe da rula. A kuma saka manhajar a kwamfutarka ta yi aiki kafin ka biya, domin wasu injunan suna zuwa da manhajar gwaji mai ƙarewa bayan ƴan kwanaki.