Jamusanci ko Sinanci: wanne ɗalibin kimiyya zai ɗauka?

Ɗalibin sakandaren kimiyya, wanda lissafi da fiziks da rahoton ɗakin gwaji suka riga suka cinye masa yamma, dole ya auna lokacinsa kafin ya zaɓi harshen waje.

Jamusanci da haruffan boko ake rubuta shi, tun makon farko yaro zai iya karanta jimla. Wahalarsa tana cikin nahawu: kowane suna yana da jinsi, der, die ko das, kuma waɗannan suna sauya siffa gwargwadon aikin sunan a jimla. Wanda ya haddace suna bai haɗa da jinsinsa ba, a zango na biyu zai gane kurensa.

Sinanci kuwa fi'ilinsa ba ya sauyawa, amma yana da karin sauti huɗu: "ma" da sautin sama uwa ce, da sauti mai faɗuwa ya tashi doki ne. Ga alamomin rubutu, sai ka san wajen 2,500 kafin jarida ta karantu, kuma mako biyu na jarrabawa ba tare da bita ba sun isa su zubar da na baya-bayan nan. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta wa mai jin Turanci awa 900 a Jamusanci, 2,200 a Sinanci.

Yawancin mujallun kimiyya da Turanci suke fita, don haka ribar tana wajen karatun gaba. Akasarin jami'o'in gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, kuma digirin farko galibi da Jamusanci ne. Sinanci sai mai niyyar ci gaba da shi bayan sakandare. Shekara uku ba ta kai shi ga karanta littafin kemistiri.