Tsawa ta ƙona wa kwamfutata kati: yadda gyaran ya kasance a Ikeja

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Agege, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ta tsufa, har yanzu Windows 7 ce a kanta. Na san Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, amma injin bugawata da ita ya saba, ni ma da ita na saba. A damunar bana aka kwana ana ruwa da tsawa. Da safe na kunna, komai ya taso lafiya sai intanet. Alamar da ke ƙasan allo ta fito da jan kuros, kamar ba a sa waya ba.

Na yi abin da na iya. Na kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet, na kunna, na zare wayar na mayar, na hura ramin da baki kamar yadda muke yi wa kaset a da. Shiru. Sai na sa kwamfutar a jakar Ghana-mas-go na hau danfo zuwa Ikeja.

Duk wanda ya san Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, ya san tun daga ƙarƙashin gada ake fara jan rigarka. Mutum biyu suka ce min madabod, wato babban falan da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, ya mutu, ko buɗe jakar ba su yi ba. Wani maƙwabcina ya riga ya yi min kwatancen wani matashi Bazazzage mai ɗan tebur a wani lungu kusa da titin Otigba, don haka na wuce kai tsaye. A kansa nake wannan sharhi, shi da katin da ya sa min, wato ɓangaren da ake cusa wa wayar intanet a kwamfuta.

Abin da ya fara burge ni, bai yi maganar kuɗi ba sai da ya gwada. Ya ɗauko tasa wayar, wadda ya tabbatar tana aiki, ya cusa a bayan kwamfutar, ya ce, "Alhaji, leƙo nan." Gefen ramin akwai ƙananan fitilu biyu. Ya ce idan kati na da rai, ɗaya za ta tsaya a kunne, ɗaya ta riƙa ƙyaftawa. Tawa ko ɗaya ba ta motsa ba. Ya shiga BIOS, wato saitin farko na madabod, ya duba ko an kashe katin daga can, ya tarar a kunne yake. Ya buɗe Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, sunan katin na nan amma da alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, da saƙon Code 10, wato na'urar ta kasa tashi. Ya cire direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya sake sawa, ba canji. Sai a lokacin ya ce tsawa ta biyo wayar ta ƙona wannan ɓangaren kaɗai, sauran madabod ɗin lafiyarsa ƙalau.

Na tambaye shi yadda zan gane bambanci nan gaba. Ya ce in fitilu na ci amma babu intanet, in rubuta ipconfig a Command Prompt, baƙar tagar ba da umarni, in duba. Lambar da ta fara da 169.254 na nufin kwamfuta ba ta samu adireshi daga rauta ba, to a can matsalar take ko a waya. Na rubuta wannan a bayan rasit, yana manne a bangon shago.

Zaɓi biyu ya ba ni: ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a ramin USB, ko katin da ake dasawa a ciki. Na zaɓi na ciki saboda yaran shago ba sa barin abin da ke reto ya zauna lafiya. Katin PCI ne, wato irin wanda ake cusawa a ramin madabod, mai ƙwaƙwalwar Realtek 8139, tsohon yayi, gudunsa bai wuce megabit 100 ba. Ga mai tura takardu da cike fom ɗin ɗalibai, wannan ya isa har ya yi saura. Windows ta gane shi da kanta, ba a nemi faifai ba. Fitilar ta kama ƙyaftawa, na ji kamar an sauke min dutse daga ka.

Inda na ga gazawa shi ne wajen ƙarfen da ke riƙe katin. Akwatin kwamfutata siriri ne, ƙarfen kuwa na babban akwati ne, murfi ya ƙi rufuwa. Ya aika yaronsa neman gajere, yaro ya yi ɓatan dabo. Na yi azahar, na ci shinkafa, na dawo, sai kusan la'asar ya iso. Da an auna tun farko, da ban ɓata wuni ba. Kuma bai gwada buɗe shafi ko ɗaya a gabana ba, ni ma ɗoki bai bar ni na tambaya ba.

Da na koma Agege, ga intanet ya haɗu, amma kowane shafi sai gargaɗin tsaro. Raina ya ɓaci, na kira shi. Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, duba kwanan wata." Ashe agogon ya koma shekaru baya, don ɗan batirin madabod, CR2032 mai kama da kwabo, ya mutu, kuma zare wutar da aka yi ya tona asirinsa. Na sayi sabo wajen mai gyaran agogo a bakin titi, na gyara kwanan wata, shafuka suka buɗe.

Wata uku ke nan katin bai yanke ko sau ɗaya ba. Zan sake kai masa aiki, amma da sassafe zan je, kuma sai na ga shafi ya buɗe kafin in zuge jaka. Yanzu da hadari ya haɗo, wayar rauta nake fara zarewa kafin in kwashe takardun da ke bakin ƙofa.